Ba Kowane Zazzaɓi ne na Sauro ba

Wani marubuci ya ce gwajin jinin ɗan yatsa ɓata lokaci ne a ƙauyukan Dutsi: in yaro ya yi zafin jiki da damina, kowa ya san cizon sauro ne, a ba shi magani kawai.

Wa ya gaya masa? Sanƙarau da zazzaɓi yake sallama. Haka ƙyanda, haka taifot, haka mashaƙon da ya addabi Kano da Katsina a 2023. Uwar da aka sallama da maganin maleriya alhali sanƙarau ke cin ɗanta, wa zai maido mata kwana biyun da ta rasa?

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani. Ɗigon jini ɗaya ne, minti 15 zuwa 20. Wane lokaci aka ɓata?

Marubucin ya manta da kulorokwin ne? Mun sha shi kamar gyaɗa har ƙwayar cutar ta daina jin sa, Najeriya ta koma maganin ACT a 2005. Ga shi likitoci sun gano ƙwayar ta fara yi wa sinadarin atemisinin da ke cikin ACT taurin kai a Ruwanda da Yuganda. In wannan ma ya dushe, me mai kemis ɗin Dutsi zai miƙo?

Gaskiyarsa ɗaya: gwajin kan nuna cuta makonni bayan an warke. Shi ya sa ma'aikacin lafiya yake tambaya, yake duba yaro, kafin ya rubuta magani.