In Za a Rufe Filin Jirgi, a Rufe Shi da Rana

A ƙasar Amurka akwai ƙananan filayen jirgin sama dubbai, inda ake koyon tuƙin jirgi, inda kuma jiragen ɗaukar marasa lafiya da na 'yan kasuwa ke sauka. Da yawansu an gina su ne a bayan gari, amma gari ya bunƙasa ya haɗiye su, har ƙasar da suke kai ta yi tsada. Daga nan ne rigima ke tashi tsakanin hukumar gari da matuƙa jirage da maƙwabta. A ganinmu, gari yana da ikon rabuwa da filinsa, amma bai kamata shugabanni su ɓoye dalilinsu ko su yanke hukunci a asirce ba.

Mu duba abin da ya faru a Shikago. Filin Meigs, wanda aka buɗe a shekara ta 1948, yana bakin tafkin Mishigan, dab da tsakiyar birni. Magajin gari Richard M. Daley ya daɗe yana son mai da wurin lambun shaƙatawa, har ya rufe shi a 1996, kafin matsin gwamnatin jihar Ilinoi ya sa aka sake buɗe shi a 1997. A daren 30 ga watan Maris na 2003, sai ya aika da katafila suka yayyanka hanyar saukar jirage. Gari ya waye da jirage 16 a tsare cikin filin. Hujjar da ya bayar ita ce tsaron dogayen benaye bayan harin 11 ga Satumba na 2001. To amma ruwa ba ya tsami banza: mutumin da ke neman wannan fili tun shekaru biyar kafin harin, yaya za a yarda cewa tsoro kaɗai ya tashe shi cikin dare? Hukumar jiragen sama ta tarayya, FAA, ta ci birnin tarar dala 33,000 saboda bai ba da sanarwar kwana 30 da doka ta tanada ba. Tara dai an biya, fili kuwa bai dawo ba.

A Santa Monika ta jihar Kaliforniya, wata hanya aka bi. Maƙwabtan filin sun yi shekaru suna kukan ƙara da hayaƙi, kuma kukansu yana bisa gaskiya. A 2014 aka kai maganar makomar wurin gaban masu jefa ƙuri'a. A watan Janairu na 2017 birnin ya daidaita da FAA cewa zai iya rufe filin bayan ƙarshen 2028, aka kuma rage tsawon hanyar sauka daga wajen mita 1,500 zuwa wajen mita 1,070, domin rage zirga-zirgar manyan jiragen masu hannu da shuni. Matuƙa ba su ji daɗi ba, amma sun san ranar, sun san dalili, sun kuma samu shekarun shiri.

Burin garuruwan biyu ɗaya ne, halinsu ne ya bambanta. Filin jirgi dukiyar jama'a ce, kuma in aka rushe shi da wuya a sake samun irinsa cikin gari. Saboda haka wajibi ne a bayyana wa kowa abin da za a yi da ƙasar, da wanda zai ci moriyarta, da inda jirgin maras lafiya zai sauka gobe. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.