Gwanin Manhaja Da Rashin Fatoma

A cikin sana'o'in da zamani ya kawo akwai wata wadda har yanzu dattawa da yawa ba su san inda za su ajiye ta ba, watau ginin manhaja. Manhaja ita ce umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu domin ta san abin da za ta yi. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa aika kuɗi ta waya ya ci moriyar mai wannan sana'a, ko da bai taɓa sa shi a ido ba. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne gwanin cikinsu, wanda ya shekara 8 ko 10 yana yi, ba ya ƙarƙashin kowane kamfani, yana zaune a Kano ko Zariya ko Jos yana neman masu ba shi jinga daga Ingila ko Jamus ko Amurka, ya yi musu aikin a ɗakinsa, su aiko masa da ladansa.

Kada mai karatu ya zaci danne-danne ne kawai. Akwai harsunan da ake rubutun da su, kamar Python da Java da JavaScript, amma sanin harshen shi ne babbaƙu da farfarun sana'ar, yaro mai kaifin kai ya iya kama shi cikin 'yan watanni. Gwaninta tana can gaba. Gwani shi ne wanda zai tsara rumbun lissafi yadda ko mutum biyu sun ciri kuɗi daga asusu ɗaya a lokaci guda lissafin ba zai rikice ba. Shi ne wanda za a miƙa wa rubutun da wani ya yi shekara 5 da suka wuce ya tafi bai bar bayani ba, ya bi shi layi layi har ya gano inda ɓarakar take, ya ɗinke ta ba tare da ya farke wani wuri ba. Ya san ƙofofin da ɓarayi ke bi su shiga, ya toshe su tun ba a tambaye shi ba. In an ce masa aiki na mako biyu ne, ya duba ya ce a'a, na wata biyu ne, ya kuma faɗi dalili. Sa'an nan lalle ya iya rubuta wasiƙa da Turanci mai fita sarai, domin sau da yawa sa'ad da yake aiki mai aikin yana barci: tsakanin Kano da birnin New York sa'a 5 ne ko 6, gwargwadon lokacin shekara.

To, mutum mai irin wannan hannu me zai hana shi aiki? A shekarar 2020, da annobar korona ta tsare mutane a gida, kamfanonin duniya suka gane ana iya aiki ba a ofis ba, ƙofofi suka buɗe, masu sana'ar suka yi ta samu. Abin bai daɗe ba. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya sallami ma'aikata 11,000. A Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuwa 18,000. Da yawa daga cikin waɗannan suka faɗo kasuwar jinga ɗaya da mutumin Kano, alhali kuwa su suna ɗauke da sunan manyan gidajen da suka baro. A wannan Nuwamban dai ChatGPT ya fito, ƙirƙirarriyar basira ta soma yin ƙananan ayyukan da dā ake biyan mutane su yi. Daɗa ga shi sanarwar aiki da yawa takan ce daga nesa za a yi, amma a ƙarshenta a ƙara da cewa sai mazaunin Amurka ko Turai, saboda sha'anin haraji da dokokin ƙwadago na can.

Duk da haka gwani bai rasa masu bukatarsa ba. Ko kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 domin koya wa matasa sana'ar, a 2019 ya sallami ƙananan ma'aikata kimanin 400, ya ce masu ba da aiki ƙwararru suke nema. Abin da ya fi damun gwanin shi ne wanda zai tsaya masa. Wannan kuwa fatake sun san shi tun kafin a yi kwamfuta. Sa'ad da ayari ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, falke kan isa Salaga ba wanda ya san asalinsa. Ba ya shiga kasuwa kai tsaye, sai ya sauka gidan fatoma. Fatoma ya ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, in ciniki na bashi ne ya lamunce, in rigima ta taso ya shiga tsakani, a ƙarshe ya ɗauki la'adarsa. Kayan falke komai kyansu ba su isa su sa baƙo ya amince da shi ba, sunan fatoma ne yake yi masa ciniki. Baturen da zai ba mutumin da bai taɓa gani ba mabuɗin rumbun kamfaninsa, da sunayen abokan cinikinsa a ciki, tambayar da yake yi ita ce wadda mutanen Salaga suke yi: a gidan wa ya sauka?

Akwai fatomomin zamani a intanet, irin su Upwork da Fiverr da Toptal. Sukan haɗa mai aiki da mai jinga, su riƙe kuɗin a hannunsu har a gama, su ɗauki la'ada. Fiverr kan ɗauki kashi 20 cikin 100. Toptal kuma yana cewa mutum 3 kaɗai yake karɓa cikin kowane 100 da suka nema. Suna da amfani, ba a musu. Amma fatoman dā ya san baƙonsa, ya ci abinci da shi, in ya ji ana ɓata shi ya yi rantsuwa a kansa. Wannan kuwa lissafin yabon abokan ciniki kawai yake tarawa, ranar da ya rufe asusun mutum yabon shekaru ya tafi ke nan, ba a ɗaukarsa a kai wata kasuwa. Gwani kan baje wasu ayyukansa a GitHub domin kowa ya duba, sai dai mafi kyawun aikinsa galibi na masu shi ne, ya sa hannu ba zai nuna ba.

Malamai ba za su ga baƙon abu a wannan mu'amala ba. Jingar iri biyu ce. Akwai wadda ake biya bisa sa'o'in da aka yi, ita ce ijara, wadda sharaɗinta a san lada a san lokaci. Akwai kuma wadda ake cewa gama kaza ka karɓi kaza, wannan ta fi kama da ju'ala, inda ba a cin lada sai aiki ya cika. Risala ta kawo su duka biyu a babin ciniki. Inda ake cutar masu sana'ar shi ne a shiga ta biyun ba a fayyace iyakar aikin ba, mai aiki ya yi ta cewa ƙara wannan, gyara wancan, wata uku ya wuce ba a ce an gama ba. Saboda haka gwanaye kan yanka aiki gunduwa gunduwa, kowace gunduwa da kuɗinta a rubuce.

A gida ma da sauran wahala. Wanda ya yi alkawarin ganawa da mai aiki ƙarfe 4 ba ya iya ce masa an ɗauke wuta, tilas ya tanadi sola ko janareta da layin intanet biyu, duk daga aljihunsa. Gaskiya ne tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, har dala ɗaya ta haura naira 1,500 a farkon 2024, ladan dala ya yi auki. Amma wannan ne kuma ya jawo masa ido. Maƙwabta su ga mutum ba ya fita da safe, fitilarsa na ci har tsakar dare, ga shi ya sauya mota, sai raɗe-raɗi ya tashi cewa ɗan damfara ne. Cikin koke-koken da suka tayar da zanga-zangar SARS a Oktoban 2020 har da tsare matasa a hanya don kawai an gan su da kwamfuta a jaka. 'Yan damfarar gaske, waɗanda suka sa lambar 419 ta zama abin gori ga ƙasa, sun ɓata masa suna a waje, sun kuma ɓata masa a gida. Kafin uba ya hana irin wannan mutum 'yarsa, ya kamata ya nemi ya ga takardar jingar da shaidar biya, domin mai sana'ar halal yana da su, ba ya kuma ƙin nunawa.

A nan ne maganar ta iso kan 'yan kasuwa. A Kantin Kwari da Singa da Dawanau akwai shaguna masu jujjuya miliyoyi a rana waɗanda bashinsu da kayan sitonsu har yau suna cikin littafin da ruwa zai iya jiƙawa. Masu su suna bukatar wannan gwani, shi kuma yana bukatar sunansu. Attajirin da ya ba shi aikin tsara lissafin shago, aka rubuta jinga, aka biya shi yadda ake biyan magini ko akawu, ya zama fatomansa na farko. Abin da ake yi yanzu, a kira shi a ce ɗan wane ne, a yi mana don zumunci, a sallame shi da kuɗin mai, ba ya gina kowa, shi ya sa gwanayen suka juya wa kasuwar gida baya. In aikin ya yi kyau, mai shago ya sa a rubuta masa takardar shaida, a faɗi abin da ya gina, da tsawon lokacin da aka yi ana amfani da shi, a sa sunan shago da lambar waya, ya kuma yarda ya amsa in wani ya bugo daga Landan yana tambaya.