Adon Gida Ba Sai da Kuɗi Ba

In watan azumi ya raba tsakiya, kasuwa takan cika maƙil. Teloli ba su samun barci, masu kanti kuwa sai su rataye kayan ƙyale-ƙyale a bakin ƙofa, furannin roba, da labule masu walƙiya, da 'yan ƙananan fitilu masu ƙiftawa, ja da kore. Yaro ya zo wucewa ya gani, ransa ya biya. In ya koma gida ya dubi ɗakin uwarsa, sai ya ga kamar ba kome a ciki, har wani ya fara damun iyayensa da kuka. Maigida kuwa ga hatsin fid da kai, ga ɗinkin yara, ga cefanen tuwon Salla, duk suna jiransa. In kukan ya yi yawa, sai ya tafi ya ci bashi don a sami zaman lafiya. A yi shagalin kwana uku a gama, fitilu su mutu, furanni su sha ƙura, mai kanti kuwa ya fara aike. Irin wannan ne ya sa Hausawa ke cewa Salla ta wuce ta bar wawa da bashi.

Son ado ba laifi ba ne. Kowa yana so baƙo ya shigo gidansu ran Salla ya ga wuri fes, ya yaba. Inda kuskuren yake shi ne zaton da waɗansu ke yi cewa sai a kanti ake samun ado. Mafi yawan abin da gida ke bukata don ya yi kyau yana nan cikin gidan, wani a rumbu, wani a gindin murhu, wani ma a kan juji. Hannun da zai haɗa su kaɗai ake nema, hannun yaran gida kuwa ya isa.

Farkon ado dai tsabta. Ɗakin da yanar gizo-gizo ta cika kusurwoyinsa, ko an rataya masa labulen siliki ba zai yi kyan gani ba. Saboda haka sai a fitar da kaya duka waje, a kakkaɓe rufi, a share ƙarƙashin gado, a shanya tabarmi a rana. Wannan bai ci ko kwabo ba, amma rabin aikin ke nan.

Sa'an nan a dubi ƙasan ɗaki. Tun kafin siminti ya yawaita, mata sun san yadda za su mai da ƙasa ta yi santsi da ƙarfi, watau daɓe. Sukan zuba tsakuwa da jar ƙasa, su yayyafa ruwa, su taru su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa, har wurin ya kwanta lafiya lau. Asirin daɓe kuwa makuba ne. Ɗorawa itaciya ce mai albarka: a sha garinta, a yi daddawa da kalwarta, ɓawon da ya rage kuma shi ne makuba. In an jiƙa shi cikin ruwa ya tsimu, ruwan yakan rine ya yi ja mai duhu. Shi ake yayyafa wa daɓe, ya ɗaure ƙasar, ya ba ta launi, ya kuma sa ruwa ba ya saurin cinta. Abin da wanda bai sani ba zai watsar a juji, shi ne ke riƙe ɗaki shekara da shekaru.

Bango kuma abincinsa farar ƙasa. A dama ta da ruwa kamar kunu mai ruwa-ruwa, a tace tsakuwar da ke ciki, a shafa da tsumma ko soso. In an narka ɗan ƙaro ko sitaci a ciki, ba za ta riƙa bin rigar wanda ya jingina ba. Sa'ad da take da danshi takan yi kamar toka, kada wannan ya karya wa mai shafe zuciya, sai ta bushe farinta ke fitowa. Daga ƙasa, misalin kamu ɗaya, a zagaya da jar ƙasa, domin nan ne ƙafa da tsintsiya ke taɓawa, fari ba ya daɗewa a wurin.

Kada wani yaro ya raina ƙasa don tana ƙarƙashin ƙafarsa. Babban Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Muhammadu Durugu, mai laƙabin Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, da ƙasa da azara aka yi shi, da bakan gizonsa da zane-zanen ginshiƙansa. Masana gini daga ƙasashe masu nisa sun yi ta zuwa dubansa. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da tsofaffin gidajen Birni a Damagaram, duk ƙasa ce aka sarrafa. Magina na Zariya sukan yi zanen fuskar gida tun yaɓe yana ɗanye, su fitar da dagi, da takobi, har da keke da agogo sa'ad da waɗannan suka shigo ƙasar. Yaro ba Babban Gwani ba ne, amma zai iya ɗaukar tsinke da ɗan kaskon launi, in maigida ya yarda, ya zagaye bakin ƙofa da layi biyu da ɗigo-ɗigo a tsakani. Ya fara gwadawa a ƙasa da yatsa tukuna, har hannunsa ya faɗa.

Launi ma ba sai an sayo fenti ba. Karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi, yana ba da ja. Gangamau yana ba da rawaya, shuni ko bular wanki su ba da shuɗi, gawayi in an niƙa shi da ruwan ƙaro ya ba da baƙi, kamar tawadar almajirai. Ruwan zoɓo yana rina takarda, haka ma lalle. In an haɗa shuɗi da rawaya sai kore ya fito, in an haɗa ja da rawaya kuma a sami ruwan goro. Duk wanda ya taɓa ganin allon zayyana na mai saukar Alƙur'ani ya san irin kyan da ake fitarwa da launi uku ko huɗu kawai.

A cikin ɗaki kuwa, kayan aikin yau da kullum su ne kayan ado, in an san jera su. Da ma abin da ake kira jere ke nan. Kakanni da ƙorai suka yi nasu, daga baya tasoshin tagulla suka zo, sa'an nan langa da kwanoni masu fure. Tasar da ta dushe, a goge ta da toka da lemon tsami ko jiƙaƙƙiyar tsamiya, a ɗauraye, a share da busasshen ƙyalle, sai ta yi ƙyalli kamar yau aka sayo ta. Ƙwarya a wanke ta, a shafa mata alli a cikin zanenta, sai zanen ya fito sarai. Wadda ta tsage ma ba a yar da ita, gyartai yana ɗinke ta. Faya-fayen kaba masu launi, in an rataye su a bango, babba a tsakiya, ƙanana kewaye da shi, babu hoton kanti da ya fi su. Yarinyar da ta zauna kusa da kakarta ta koyi saƙar faifai ta sami adon ɗaki, ta kuma sami sana'a.

Akwai kuma tarkacen da zamani ya kawo. Kafin Salla, ƙarƙashin keken kowane tela cike yake da guntayen ƙyalle, atamfa da shadda da leshi, waɗanda zubarwa za a yi. Yaro mai ladabi in ya gai da tela ya roƙa, da wuya a hana shi. A yanka su mai kusurwa uku, a ɗinka a jikin doguwar igiya, a ɗaura daga ƙofar zaure zuwa bishiyar tsakar gida. Manya-manyan guntaye kuma a harhaɗa su a yi rigar matashin kai.

Tsohuwar takarda ita ma tana da aiki. A shafa mata launi, in ta bushe a yanka ta sili-sili, faɗin yatsa biyu, tsawon taƙi ɗaya. A lanƙwasa guda a manne bakinta da ƙullun rogo ko ragowar koko, ta zama zobe. A zura ta biyu cikin ta farko a manne, haka har sarƙa ta yi tsawon ɗaki. Amma fa a duba kowace takarda kafin a sa almakashi. Wadda ke ɗauke da aya ko sunan Allah ba a yanka ta, littafin makaranta da ake karatu da shi kuma ba a yage shi. Da irin wannan takarda 'yan makaranta za su iya yin tutoci na ranar tunawa da samun mulkin kai, kore da fari da kore ran 1 ga Oktoba a Nijeriya, ruwan goro da fari da kore, da da'ira a tsakiya, ran 3 ga Agusta a Nijar. Ita kanta tutar Nijeriya wani ɗalibi ne, Taiwo Akinkunmi, ya zana ta a 1959, aka ɗaga ta a 1960. Maƙwabta Kirista ma sukan yi irin wannan sarƙa ta takarda lokacin Kirsimeti.

Gwangwanin madara ko gorar roba, in an yanke kanta, tukunyar shuka ce. A huda gindinta, a zuba ƙasa da ɗan taki, a dasa ɗaɗɗoya ko na'ana'a, a jera a bakin ƙofa. Hudar nan wajibi ce, domin ruwan da ya kwanta cikin gwangwani gidan sauro ne. Kara kuwa, wane yaro ne bai san shi ba? Hannun da ya iya fere kara ya haɗa mota da totuwa da ƙaya, zai iya haɗa ɗan firam na hoto, ko tauraro da jinjirin wata da za a rataya a zaure.

Akwai masu cewa wannan duk aikin talauci ne, in baƙo ya ga sarƙar takarda zai gane ba kuɗi a gidan. To, in ya gane fa? Rashin kuɗi ba abin kunya ba ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Furen robar da ke gidan nan, irinsa ne a gida na gaba da na gaba da shi, ba wanda zai tsaya ya dube shi sau biyu. Amma baƙuwar da ta ga faifai a bango takan tambaya, "Wa ya saƙa wannan?" Uwa ta nuna 'yarta, yarinya ta sunkuyar da kai tana murmushi. Mai kanti ba ya sayar da wannan.

Waɗansu kuma suna cewa kayan hannu ba su daɗewa. Wannan kam da gaskiyarsu a wani ɓangare. Ruwan sama yana wanke farar ƙasa, rana tana kashe launin zoɓo, takarda tana yagewa. Sai dai abin da aka yi da ƙasa da takarda, in ya lalace, a sake wani ba tare da an je wurin kowa ba, na baɗi ma ya fi na bana kyau, tun da hannu ya ƙara sabawa. Fitilar kanti in ta mutu, sai juji. Kuma sana'ar da aka daina yi mantawa ake yi da ita. Gidaje nawa ne yau a birni ake samun wanda ya san yadda ake jiƙa makuba? In tsofaffin da suka sani suka shuɗe ba wanda ya tambaye su, shi ke nan.

Duk da haka aikin yana da ƙa'ida. Bakin gwangwani yana yanka kamar aska, sai babba ya yanka, ya kuma danne bakin da dutse kafin ya miƙa wa yaro. Ba a rataya takarda ko ƙyalle kusa da fitila ko murhu, balle a ɗakin ciyawa lokacin hunturu, sa'ad da iska ke kaɗawa, kome ya bushe. Ba a narka roba da wuta, hayaƙinta yana cutar ƙirji. Ba a kuma ɗaukar almakashin uwa ko ƙwaryar kaka sai an tambaya.

Da sanyin safiya ake kama fara, saboda haka kada a bari sai jajibere. Makuba yana bukatar kwanaki ya tsimu, daɓe da shafe kuma suna son su bushe sosai kafin a mai da kaya ɗaki, sai a fara su tun saura kwana goma. Rinin takarda da ɗinkin ƙyalle a riƙa yinsu kaɗan-kaɗan da yamma, bayan an taso daga makaranta an gama aikin gida. Rataye-rataye su ne na ƙarshe, ran jajibere. In Salla ta wuce, a sauke sarƙar takarda a hankali, a naɗe tutocin ƙyalle, a sa su cikin tukunya ko kwano mai murfi, domin ɓera da kyankyaso suna son ƙullun da aka manne su da shi. Tsakanin Ƙaramar Salla da Babba wajen kwana 70 ne kawai, za a sake bukatarsu.