An Sayar Mana Da Doki, An Riƙe Linzami

Na san akwai waɗanda za su taɓe baki da ganin wannan maƙala, su ce me ya haɗa kifi da kaska, me ya kawo zancen firinta da tawadarta cikin mujallar da aka saba tafka muhawara a kan jigo da salo da zubi da tsari. To, a yi mini uzuri. Manomi ba ya jin kunyar zancen fartanya, maƙeri kuma ba ya raina zugazugi. Littafin da ba a fitar da shi a takarda an bi shi layi-layi da jan biro ba, da wuya ya tsira daga kurakuran da masu sharhi suke yi mana gori a kansu. Saboda haka duk abin da ya tsaya tsakanin marubuci da takardarsa, maganarmu ce.

Abin da nake son 'yan'uwa su gane shi ne, yawancin lokacin da firinta ta ƙi karɓar tawada, lafiyarta ƙalau. Umarni take bi, kuma umarnin ba na wanda ya saye ta da kuɗinsa ba ne.

Duk wanda yake rubutu a Birnin Kudu ko Gwaram ya san yadda abin yake faruwa. Matashi ya gama labarinsa, ya yi tattalin 'yan kuɗinsa, ya taso daga Sara ko Basirka ko Fagam ya zo shagon buga takardu. An tayar da janareta, mai yana ƙonewa. Ga ɗalibar makarantar koyon aikin jinya tana jiran aikinta, ga mai neman aiki da takardunsa. An sa sabon katrij, wato wannan kurtun zamani da tawada take ciki, sai injin ya kawo rubutu da Turanci: wai bai san wannan kurtu ba, ko wai na jabu ne, ko wai an toshe shi. Kurtun nan cike yake taf. A fitar a mayar, a kashe a kunna, shiru. Daga nan sai a hau yaron shago da faɗa, a ce bai iya aiki ba, ko a ce mai ɗurin tawada ya yi ha'inci. Ƙarshenta sai an yi aike Dutse, ko Kano mai nisan fiye da kilomita 100. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bari in faɗi inda gardin yake. A jikin yawancin katrij na zamanin nan akwai wani ɗan guntun allo mai ɗigo-ɗigon ƙarfe ruwan zinare, masu gyara suna kiransa cif. Da zarar an sa katrij, injin zai yi wa cif ɗin tambaya cikin lambobin sirri, kamar dai mai gadi yana tambayar baƙo katin shaida. In amsar ta yi daidai da wadda kamfani ya koya masa, sai ya buɗe ƙofa. In ba ta yi ba, wani injin gargaɗi kawai zai yi, wani kuwa ya ƙi aiki ƙememe. Cif ɗin nan kuma shi ke riƙe da lissafin tawada, amma a injuna da yawa ba leƙa cikin kurtun ake yi ba, ƙiyasi ake yi daga yawan abin da aka buga. Shi ya sa za ka cika kurtu har baki, injin ya nace cewa babu komai a ciki.

Me ya sa aka yi haka? Ruwa ba ya tsami banza. Kamfanonin nan sun daɗe da gano cewa ribar ba a injin take ba, a tawada take. Sai su karyar da farashin ƙananan injuna don a saya, sannan su zauna suna jiran ka dawo sayen katrij wata bayan wata. Tamkar mutum ne ya sayar maka da akuya da araha, amma ya ɗaure mata baki, ya ce ba za ta ci dusar kowa ba sai ta gidansa, a farashin da ya ga dama.

Kada wani ya ce zargi ne irin na mai jin haushi. Abin a rubuce yake a kotuna da hukumomin ƙasashen da ake ƙera injunan da waɗanda ake sayar da su. A ƙarshen 2002 kamfanin Lexmark na Amurka ya kai ƙarar wani kamfani mai suna Static Control saboda yana ƙera cif ɗin da ke sa katrij ɗin da aka sake cikawa ya yi aiki, a 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin hanin da aka ba shi. Bai daddara ba, ya sake kai ƙarar wani ƙaramin kamfani, Impression Products, har magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda a watan Mayun 2017 ta yanke cewa in ka sayar da kaya, ba ka da ikon fakewa da haƙƙin ƙirƙira ka hana mai saye yin abin da ya ga dama da kayansa.

Na kamfanin HP ya fi ban mamaki. Ranar 13 ga Satumba, 2016, mutane a ƙasashe daban-daban suka wayi gari injunansu samfurin OfficeJet sun ƙi katrij ɗin da jiya-jiya suke bugawa da shi lami lafiya. Ashe tun watanni kafin nan aka shigar musu da umarnin cikin manhajar injin, aka sa masa ranar tashi. Da surutu ya yi yawa, kamfanin ya ba da haƙuri a kan rashin yi wa mutane bayani, amma bai watsar da tsarin ba. A 2018 hukumar kare masu saye ta Ostireliya ta sa shi biyan diyyar dala 50 ta ƙasar ga waɗanda abin ya shafa. A ƙarshen 2020 hukumar kula da gasa ta Italiya ta ci shi tarar Yuro miliyan 10. A 2022 ya amince ya ware dala miliyan 1.35 don masu saye a Beljiyam da Italiya da Sifaniya da Fotugal. Mai karatu ya duba jerin ƙasashen nan da kyau, ya ga ko akwai inda aka ambaci mai shago a bakin tashar Gwaram.

Adalci ne a ji ta bakinsu. Suna cewa suna kare mai saye ne daga kayan jabu, suna kare ingancin bugu, suna kuma kare fasaharsu. Maganar jabu gaskiya ce, kasuwanninmu cike suke da katrij ɗin da aka sa wa kwalin asali ana karɓar kuɗin asali, kuma wannan sata ce, ba na goyon bayanta ko kaɗan. Haka nan muguwar tawada tana toshe bakin inji, mugun garin tona yana zubewa ya ɓata takarda. Amma akwai bambanci tsakanin mai faɗakarwa da mai ƙwace. In injin ya ce mini, malam, wannan ba namu ba ne, in ka ci gaba ruwanka, na gode masa. In kuwa ya ce ba zai buga ba alhali na san abin da na saya, kuma da saninsa na saye shi don shi ne daidai aljihuna, to ba ni yake karewa ba.

Asirin ya tonu sau biyu. A farkon 2022, lokacin da aka yi ƙarancin cif a duniya, kamfanin Canon ya rasa wanda zai liƙa a jikin tona na wasu manyan injunansa na ofis. Sai ya fitar da tonar haka nan, sannan da kansa ya koya wa mutane yadda za su tsallake gargaɗin da injin zai yi musu. Ashe dai ana bugu ba tare da mai gadin ba! Na biyu, a Janairun 2024, shugaban HP, Enrique Lores, ya faɗa a tashar CNBC cewa ana iya shigo da cutar kwamfuta ta cikin katrij, amma a hirar nan dai ya bayyana cewa burinsu shi ne buga takarda ya koma abin da ake biya wata-wata, kuma mai sayen inji da ba ya sayen tawadarsu jari ne da bai yi riba ba. In da gaske cuta tana iya bi ta cif, wa ya ce a sa cif ɗin tun farko?

Mu a nan abin ya fi yi mana nauyi, don da dala ake shigo da katrij. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen Naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Kuɗin buga shafi guda bai isa ya bi wannan gudun ba, in ya bi ma ɗalibi da marubuci ba za su iya biya ba. Ɗurin tawada da katrij na wasu kamfanoni su suka riƙe shagunanmu, ba son banza ba ne.

Ga kuma wata ƙullalliyar da ke cin masu sayen injuna 'yan kwatano. An raba duniya shiyya-shiyya, an kulle kowane inji da tasa. Ƙaramin katrij ɗin HP da ake kira 63 a Amurka, shi ne 302 a Turai, shi ne 123 a Afirka da Gabas ta Tsakiya. Kamarsu ɗaya, amma injin da aka saita don Turai zai ƙi na Afirka ko da na asali ne dal a leda, sai kamfanin ya yarda ya sauya masa shiyya. Wasu kuma, musamman masu harafin "e" a ƙarshen lambarsu, in mai su na farko ya sa su cikin tsarin HP+, ba sa karɓar komai sai na kamfanin, kuma sai suna haɗe da intanet. Akwai ma katrij na haya, wanda ke daina aiki ranar da aka daina biyan kuɗin wata.

Alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da ka a tsangayunmu, da hannunsa yake haɗa zuge da ƙaro, ko ya dafa yambari da bagaruwa, kuma ba a taɓa jin ranar da kurtu ya tambayi tawada daga gidan wa ta fito ba. Shanun da aka zana a Dutsen Mesa da Dutsen Habude a nan Birnin Kudu, shekaru aru-aru suna nan, ba wanda ya nemi izinin wani kafin ya dama launinsa. Ba cewa nake mu koma kan dutse ba. Cewa nake ci gaban da zai mai da mai kaya ɗan haya a kan kayansa, ci gaban mai haƙan rijiya ne.

To, kafin a ɗora wa kamfani laifi ko a zagi yaron shago, a bambance ciwo da takunkumi, don wani lokaci ciwon na gaske ne. Ƙurar hunturu tana rufe ɗigon ƙarfen nan, sai injin ya kasa karanta cif. A kashe inji, a zare waya daga soket, a goge ƙarfen katrij da na cikin injin da busasshen ƙyalle mai laushi, a tabbata an ɓare ledar da ke rufe sabon katrij, a tura shi har ya yi ƙas. In bayan ɗuri ne injin ya ce babu tawada, yawanci gargaɗi ne da ake wucewa. A yawancin ƙananan Canon, danne maɓallin tsayarwa na daƙiƙa biyar ko fiye yana kashe lissafin. Wanda zai yi ɗuri ya riƙe kurtunsa na asali da cif ɗinsa, don HP da kansa ya ce toshewar ba ta shafi katrij ɗin da aka sake cikawa da cif ɗinsa na asali ba. A shiga saitin injin a kashe abin da suke kira kariyar katrij, wanda ke ɗaure kurtu ga injin da aka fara sa shi, ya hana shi aiki a wani. Uwa uba, a kashe sabunta manhaja ta kai tsaye, don ta nan ake shigo da sabon takunkumi cikin dare. Amma in jiya inji ya buga, yau ya ƙi bayan ya hau intanet, a daina wahalar da ƙyalle. Sai sabon cif ko katrij na asali.

Mu ma da namu laifin. Marubuci zai je titin Beirut ko Sabon Gari a Kano, ya zaɓi injin da ya fi kowanne araha da sheƙi, bai tambayi kuɗin katrij ba, bai tambayi shafi nawa yake bugawa ba. Masu shagunan da suka ga jiya suka ga yau ba banza suke riƙe da tsohuwar LaserJet 1020 ba: katrij ɗinta, 12A, ba shi da cif sam, a zuba tona a ci gaba da aiki. Mai son launi kuma akwai injuna masu tanki, na Epson da Canon da HP ɗin kansa, waɗanda ake tsiyaya musu tawada daga kwalba. Sun fi tsada ranar saye, kuma su ma ba waliyyai ba ne, na Epson suna da lissafin soson da ke shanye ragowar tawada, in ya cika sai inji ya tsaya har a kai shi gyara, kuma in aka bar su kwana da kwanaki ba bugu, zafin bazara yana busar musu da baki.

Ina kira ga shugabannin ƙungiya da su sa wannan magana a ajandar taro mai zuwa. Mambobin Birnin Kudu da Gwaram su yi karo-karo a sayi inji guda mai karɓar ɗuri, a ajiye shi hannun amintacce, mamba ya kawo takardarsa ya biya kuɗin tona kawai. Sannan, tunda dokar 2018 ta kafa Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, kuma rubutu ne sana'armu, mu rubuta mata ƙorafi da sunan ƙungiya, mu nemi a tilasta wa masu shigo da injuna su bayyana a jikin kwali, da Hausa da Turanci, ko inji yana toshe katrij ɗin da ba na kamfaninsa ba, da kuma shiyyar da aka saita shi. Kafin a kai ga haka, duk wanda zai sayi inji ya sa mai shago ya gwada masa katrij ɗin ɗuri a gabansa, ya ga takarda ta fito, sannan ya ƙirga kuɗi.