Wa Ke Kashe Ƙwallo a Wasan Kurket?

Jama'a, tun da na dawo daga gwajin koyarwa wata magana ta ke ci mini rai, na ga ya kamata in kawo ta gabanku, gama kusan dukanmu wata rana za a miƙa mana alƙalancin wasan yara.

Ran nan ina alƙalancin kurket, sai wani yaro mai bugu ya tare ƙwallo da sandarsa, ƙwallo ya tsaya gindinsa. Don ladabi ya sunkuya ya ɗauka, ya miƙa wa mai jifa. Nan da nan abokan hamayya suka ɗaga murya suna neman hukunci. Na ɗaga yatsa, yaro ya fita yana hawaye. Wani malami ya ce ba ni da tausayi. To, ni dai har yau ina ganin daidai na yi.

Ga dalilina. Doka ta 37 cikin dokokin da ƙungiyar Marylebone ta Landan ke tsarawa ta ce mai bugu ya fita idan da gangan ya hana 'yan fili aikinsu, kuma ta haɗa har da mayar musu da ƙwallo ba da yardarsu ba, muddin ƙwallon yana da rai. Doka ta 20 kuwa ita ke faɗin lokacin mutuwarsa: ko ya zauna sosai a hannun mai tsaron turaku ko mai jifa, ko kuwa alƙali ya tabbata dukan ɓangarorin biyu sun daina ɗaukarsa a kan yana cikin wasa. Ku lura, ɓangarori biyu aka ce. Mai bugu shi kaɗai ba shi da ikon kashe ƙwallo.

Manya ma sun sha faɗawa wannan rami. A 1951, a filin Oval, ƙwallo ya tashi daga sandar Len Hutton na Ingila, ya ga kamar zai faɗa kan turakunsa, ya kai masa bugu na biyu. Kare turaku halal ne, amma da haka ya hana Russell Endean na Afirka ta Kudu cafewa, aka fitar da shi. A 2015 kuma, a filin Lord's, Mitchell Starc ya wurgo ƙwallo wajen turaku, Ben Stokes ya miƙa hannu ya tare. Shi ya ce jikinsa ya ke karewa, doka kuwa ta yarda da haka. Alƙali na uku ya duba hoto a hankali, ya ce ya fita. Nan kam ina da ja. Abin da ya auku cikin ƙiftawar ido, in an ja shi a hankali, tilas ya yi kama da ganganci.

Amma wanda ya fi kama da na yarona shi ne na Jonny Bairstow a 2023, a Lord's ɗin dai. Jifa ta shida ta wuce shi, ya taka layi, ya kama hanya zai gana da abokinsa. Ashe Alex Carey na Ostareliya, yana cafewa bai tsaya ba, ya riga ya wurgo. Turaku suka zube, alƙali kuwa bai riga ya yi kiran cikar jifa shida ba. 'Yan kallo suka yi ta ihu wai an ci amanar wasa. Amma wa ya gaya wa Bairstow ƙwallo ya mutu? Shi ya yanke wa kansa hukunci, Carey bai sa hannu ba.

Na san za a ce yara ba Bairstow ba ne, a riƙa sassauta musu. In na sassauta wa mai ladabi yau, gobe mai wayo zai sunkuya ya ɗauke ƙwallo daidai lokacin da abokinsa ya bar layi, ya ce shi ma ladabi ne. Ni kuwa ba na ganin zuciya, na'urar hoto ma ba mu da ita.

Inda na yi laifi shi ne ban koya musu wannan doka kafin a shiga fili ba. Washegari na tara su gindin mangwaro, na ce kada mai bugu ya taɓa ƙwallo sai 'yan fili sun ce ya ɗauka, kada kuma ya bar layi bayan jifa ta shida sai ya ji muryata. Yaron nan ne ya fara tambaya, wai in akuya ta shigo fili ta tare ƙwallo fa?