Zaɓen Fidda Gwani: Wane Ne Waɗanda Suka Sha Kaye Za Su Yarda Su Bi?

A duk lokacin da kakar siyasa ta kama, da wuya mutum ya zauna a ofis ko a ɗakin kwanan ɗalibai bai ji ana gardama kan tambaya guda ba, watau wane ne ya kamata jam'iyya ta tsayar don neman kujerar Shugaban Ƙasa. Wani ya ce a duba ilmi da sanin makamar aiki, wani ya ce a duba yankin da mutum ya fito, wani kuma ya faɗi gaskiyar cikinsa ya ce a bi mai abin hannu. Dukkansu suna da abin kamawa. Amma wanda ya bi tarihin tarurrukan fidda gwani na ƙasar nan tun daga 1978 zai ga akwai wani ma'auni da ba a cika ambatarsa ba, alhali kuwa sau da yawa shi ke raba gardama ranar babban zaɓe. Ma'aunin shi ne: in an tsayar da wannan mutum, abokan takararsa da ya kayar za su iya binsa, ko kuwa za su tattara nasu ya nasu su bar masa jam'iyyar?

Ya kamata mu fara da tuna wa masu karatu abin da Tsarin Mulki na 1999 ya shimfiɗa. Sashe na 131 ya ce tilas mai neman shugabancin ƙasa ya zama ɗan wata jam'iyya, kuma ita ce za ta tsayar da shi. Sashe na 134 kuwa ya ce yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba, sai mutum ya sami rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a sulusi biyu na jihohi, watau jihohi 24 cikin 36. Ma'anar wannan ita ce, ba mai hawa kujerar da ƙarfin garinsu kawai. Kuma kafin talaka ya isa rumfar zaɓe an riga an tace masa 'yan takara. A zaɓen 2023 mutane fiye da miliyan 93 ne sunayensu ke cikin rajista, amma wakilan da suka fitar wa jam'iyyar PDP ɗan takara ba su kai 800 ba. Saboda haka abin da wakili ya yi da ƙuri'arsa ba harkarsa ba ce shi kaɗai.

A watan Disamba na 1978 jam'iyyar NPN ta yi taronta a Legas, bayan ta keɓe wa Arewa kujerar Shugaban Ƙasa. Mutum shida suka tsaya: Alhaji Shehu Shagari, da Alhaji Yusuf Maitama Sule, da Malam Adamu Ciroma, da Dokta Olusola Saraki, da Mista Joseph Tarka, da Farfesa Iya Abubakar. A zagayen farko Shagari ya zo na ɗaya, amma bai sami rinjayen da ake bukata ba. Ɗan Masanin Kano na biye da shi, sa'an nan Malam Adamu. Maimakon a shiga zagaye na biyu a yi ta ja-in-ja, sai waɗannan biyu suka janye masa. Ba wanda zai ce Shagari ya fi Maitama fasahar magana, domin a wannan fage Ɗan Masani ba shi da na biyu a zamaninsa. Malam Adamu kuwa ya riƙe jaridar New Nigerian, ya kuma yi Gwamnan Babban Banki. Abin da Shagari ya fi su shi ne, mutum ne wanda kowane ɓangare ke ganin zai iya zama da shi: wanda bai sa shi na farko ba ya sa shi na biyu. Kuma ba ko ɗaya cikin mutum biyar ɗin nan da ya bar NPN don haushin kaye. Saraki ya zama jagoran masu rinjaye a Majalisar Dattijai, Tarka ya shiga majalisar daga Binuwai, Ciroma da Iya Abubakar suka zama ministoci, Maitama kuma daga baya ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Amfanin wannan ya bayyana a watan Agusta na 1979. Shagari ya sami rubu'i a jihohi 12 cikin 19 na lokacin, a Kano kuwa ya gaza kaɗan, har aka shiga shari'ar nan ta sha biyu da sulusi biyu wadda Kotun Ƙoli ta yanke a watan Satumba. Da ƙyar aka sha ke nan. Sai mai karatu ya auna da kansa abin da zai faru da a ce Saraki ya tafi da Kwara, ko Tarka ya tafi da Binuwai.

A wannan kaka ɗin dai aka ga kishiyar haka a jam'iyyar NPP. Alhaji Waziri Ibrahim ya nemi ya haɗa shugabancin jam'iyya da takarar Shugaban Ƙasa, abokan tafiyarsa suka ƙi, jam'iyya ta dare biyu. Shi ya tafi ya kafa GNPP, su kuma suka ɗauko Dokta Nnamdi Azikiwe. Kowanne ya sami tutar da yake so, ba wanda ya kusanci kujerar.

Taron SDP na Jos a watan Maris na 1993 ya ƙara fito da abin fili. Cif Moshood Abiola da Ambasada Babagana Kingibe suka yi kankankan a zagayen farko, Alhaji Atiku Abubakar na uku. Da mutanen Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa suka juya wa Abiola ƙuri'un Atiku sai ya haye. Daga nan ya ɗauki Kingibe, mutumin da ya fi ba shi wahala, ya yi masa mataimaki, duk da cewa su biyun Musulmi ne, duk kuma da cewa waɗanda suka janye masa sun sa rai da kujerar. Ana iya sukar wannan shawara ta fuskoki da yawa, amma gwamnonin SDP da ke bayan Kingibe ba su watse ba, kuma a zaɓen 12 ga Yuni Abiola ya ci har jihar Kano, mahaifar abokin karawarsa Alhaji Bashir Tofa. Haka aka gani a APC a watan Disamba na 2014: Janar Muhammadu Buhari ya sami ƙuri'a 3,430, Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso 974, Atiku 954, dukkansu kuma suka tsaya aka yi yaƙin 2015 tare. Buharin da ya faɗi sau uku a baya shi ne ya ci a wannan karo, domin ya sami jam'iyyar da ta kai shi inda ƙafarsa ba ta kai ba.

Inda ya fi dacewa mu daɗe shi ne 2022, saboda a nan ne aka fi ganin tsadar kuskure. Dokar Zaɓe ta wannan shekara, a sashenta na 84, ta ce wakilan da aka zaɓa musamman don taron su kaɗai za su jefa ƙuri'a. Wannan ya fitar da gwamnoni da 'yan majalisa da tsofaffin shugabanni, waɗanda da can muƙaminsu ke ba su ƙuri'a. Majalisar Tarayya ta yi gaggawar gyara a watan Mayu, amma Shugaba Buhari bai sa hannu ba har aka gama tarurrukan. Sai ya zama PDP ta tafi da wakili ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, APC kuma uku. In wakilai suka yi kaɗan, kowannensu darajarsa ta hau, kuma gwamnan da ya rubuta sunayensu shi ke riƙe da akalarsu.

A daren 28 ga Mayu, a Abuja, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal na Sakkwato ya hau mumbari ya janye wa Atiku. Da aka ƙirga, Atiku na da 371, Gwamna Nyesom Wike na Ribas 237, Dokta Bukola Saraki 70. A ido wannan ya yi kama da abin da Maitama ya yi wa Shagari, amma ba ɗaya ba ne. A 1978 an riga an amince kujerar ta Arewa ce, don haka janyewar ba ta ƙona ran kowane yanki ba. A 2022 kuwa ɗan Arewa ne ke kammala shekara takwas bisa mulki, 'yan Kudu na ganin lokacinsu ya yi, shugaban jam'iyyar kuma, Dokta Iyorchia Ayu, shi ma ɗan Arewa ne. Wanda ya zo na biyu bai sami mataimaki ba, aka ba Gwamna Ifeanyi Okowa na Delta. Wike da gwamnonin Oyo da Binuwai da Inugu da Abiya suka ce sai Ayu ya sauka, aka ƙi, suka zare hannunsu daga yaƙin neman zaɓe. Waɗannan jihohi biyar duka Atiku ya ci su a 2019. A 2023 bai ci ko ɗaya ba: Ribas da Oyo da Binuwai suka tafi ga Bola Ahmed Tinubu, Inugu da Abiya ga Peter Obi.

Ga alkalumman da Hukumar Zaɓe ta bayyana. Tinubu 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Mutum ukun nan na baya duka a inuwar PDP suke a 2019, Obi ma shi ne mataimakin Atiku. In aka tara ƙuri'unsu sun haura miliyan 14 da rabi. To, a nan sai a yi hattara, domin ƙuri'a ba hatsi ba ce da za a juye daga wannan buhu zuwa wancan. Da yawa cikin matasan da suka fito don Obi ba za su fito don Atiku ba, haka nan ma'abota jar hula na Kano. Amma tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai miliyan 2 ba, kuma ba sai an tara duka ba kafin a cike ta.

APC ma ta kusa faɗawa wannan rami. Ana gab da taronta na Yuni shugabanta, Sanata Abdullahi Adamu, ya gabatar da Sanata Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar maslaha. Gwamnonin Arewa na jam'iyyar suka ƙi, suka ce mulki ya koma Kudu. Ko don kishin ƙasa suka yi ko don lissafin kansu, wannan Allah ne masani. Abin da ke fili shi ne sun gane cewa tsayar da ɗan Arewa zai kori reshen jam'iyyar na Kudu maso Yamma. A Dandalin Eagle 'yan takara da dama suka janye wa Tinubu, ya sami 1,271, Rotimi Amaechi 316, Farfesa Yemi Osinbajo 235, Lawan 152. Akwai waɗanda suka yi sanyi a yaƙin neman zaɓe, amma ba wanda ya fita ya tsaya a wata jam'iyya.

Mai karatu na iya cewa wannan ma'auni bai ce komai game da cancanta ba, kuma yana da gaskiya. Mutumin da kowa ke iya zama da shi ba lallai ne ya iya riƙon ƙasa ba. Gwamnatin NPN ɗin da muka yaba wa haɗin kanta soja suka kifar da ita a ƙarshen 1983, jama'a da yawa kuma ba su yi mata kuka ba. Bugu da ƙari, janyewa ba kyauta ba ce. Cikin waɗanda suka janye a Dandalin Eagle, Godswill Akpabio ya zama Shugaban Majalisar Dattijai a 2023, Muhammad Badaru Abubakar kuma aka naɗa shi Ministan Tsaro. Wike kansa ya zama Ministan Abuja a gwamnatin da jam'iyyarsa ta yi takara da ita. Wanda ya hau ta hanyar alkawura da yawa yakan shafe shekarunsa na farko yana biyan bashi, ma'aikatan gwamnati kuwa sun fi kowa sanin yadda ma'aikata ke kasancewa in an ba da ita don sakayya. Don haka ba mu ce wakili ya ajiye tambayar gaskiya da iya aiki ba. Abin da muke cewa shi ne, bayan ya tace waɗanda ya yarda da halinsu, sai ya tambayi kansa wane ne cikinsu jam'iyya za ta fita daga zauren taro tana bayansa gaba ɗaya. Gwanin da bai ci zaɓe ba, shirinsa na gyaran ƙasa a takarda zai ƙare.

Batun kuɗi kuwa ba ya ɓuya. A 2022 takardar neman takarar Shugaban Ƙasa Naira miliyan 100 ce a APC, miliyan 40 a PDP, kuma jaridu sun cika da labarin dalolin da aka ce sun yi yawo a masaukan wakilai. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Illar kuɗi a nan ba ta tsaya ga lalata amana ba, tana ɓata lissafi ma. Ƙuri'ar da aka saya ba ta nuna wa jam'iyya ƙarfin ɗan takara a ƙauyen da wakilin ya fito, sai a fita taro da adadi mai daɗin ji wanda ba shi da jama'a a bayansa.

Wannan tambaya ba ta tsufa ba. A watan Yuli na 2025 manyan 'yan adawa suka sanar da haɗuwa a jam'iyyar ADC ƙarƙashin Sanata David Mark, kuma tun ranar masu lura suka ce haɗuwar ba ita ce mai wuya ba, mai wuyar ita ce ranar da za a ce mutum ɗaya ya riƙe tuta sauran su bi shi. Wakili, ko ɗan jam'iyyar da aka ba dama ya zaɓa kai tsaye, ba ya bukatar duba don gane alamu. Ya dubi yadda aka raba muƙaman jam'iyya tsakanin yankuna kafin taro. Ya dubi yadda ɗan takara ya yi a baya lokacin da shi aka kayar, ya zauna ko ya fice. Ya dubi kuma waɗanda suka fara tattara kayansu tun ba a buɗe zaure ba. Wakilan PDP da suka hallara a Abuja ranar 28 ga Mayu na 2022 sun san Kwankwaso ya bar su tun watan Maris ya koma NNPP, sun kuma san Obi ya miƙa takardar ficewarsa a cikin makon nan da suke zaune.