Cinikin Tsaron Baƙi A Birnin Mogadishu

A yawancin biranen duniya, abin da baƙo kan fara nema idan ya sauka daga jirgin sama shi ne motar haya da masauki. A Mogadishu kuwa, babban birnin ƙasar Somaliya, tun kafin baƙon ya yanki tikiti sai ya san wanda zai tarye shi da bindiga a bakin ƙofar filin jirgi. Ɗan jarida ne, ko ma'aikacin agaji, ko ɗan kasuwa mai neman kwangila, kusan duk hanyarsu ɗaya ce: mota mai sulke, direba ɗan gari, da wata motar a-kori-kura a gaba ko a baya cike da samari riƙe da bindigogi ƙirar AK-47. Wannan rakiya sana'a ce mai zaman kanta, tana da kamfanoni da dillalai da farashi, kuma kuɗinta na yini guda kan kai ɗaruruwan daloli, watau ya kan fi kuɗin ɗakin kwana nesa ba kusa ba.

Asalin al'amarin ya faro ne daga watan Janairu na 1991, sa'ad da gwamnatin Janar Siad Barre ta faɗi, shi kuma ya tsere daga birnin. Soja suka watse, 'yan sanda suka ɓace, aka fasa rumbunan makamai. Kafin ƙarshen wannan shekara sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Ali Mahdi Muhammad da Janar Muhammad Farah Aidid, aka raba birnin biyu, arewa da kudu. Yunwar da ta biyo baya a 1992 an ƙiyasta ta hallaka mutane tsakanin 200,000 da 300,000. Ƙungiyoyin agaji da suka zo da hatsi suka tarar ba yadda za a yi buhu ya fita daga tashar jirgin ruwa ya isa ga mai jin yunwa sai da 'yan bindiga. Har ƙungiyar Red Cross ta duniya, wadda aƙidarta ita ce kada makami ya kusanci motarta, sai da ta ɗauki masu rakiya da makamai. An ce ma sunan nan "tekinikal" da ake kiran motocin yaƙi masu babbar bindiga a baya, daga nan ya samo asali, domin ƙungiyoyin ba su da ikon rubuta kuɗin 'yan bindiga a littafin kashe kuɗi, sai su sanya shi ƙarƙashin taimakon masu aikin fasaha.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan labari. Ran 5 ga watan Satumba na 1993 aka kashe sojojinta 7 a Mogadishu suna cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma daga 2012 ta aika da 'yan sanda cikin rundunar Tarayyar Afirka da ke can.

To, amma wanda ya ɗauka bindiga baƙo yake saya idan ya biya kuɗin rakiya, bai fahimci cinikin ba. Bindiga ba ta da wuya a Mogadishu, kuma mutum 6 ko 8 a bayan mota ba su isa su tare wanda ya yi niyyar mutuwa ba. Abin da ake saya shi ne dangin masu riƙe da bindigar. Somaliyawa harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, amma sun kasu zuriya zuriya, kuma a al'adarsu idan aka kashe mutum, danginsa gaba ɗaya ke bin jininsa, dangin wanda ya yi kisan kuma gaba ɗaya ke biyan diyya, wadda bisa ga al'ada raƙuma 100 ce a kan namiji. Saboda haka ɗan fashin da ya hango motar baƙo, abin da zai fara dubawa shi ne ko 'ya'yan wane gida ne ke zaune a bayanta, sa'an nan ya auna ko gidansu zai iya ɗaukar rigimar da za ta biyo baya. Mai rakiyar da danginsa ke da ƙarfi a unguwa kaza, da zarar an haura wata unguwar sai ya zama shi ma baƙo ne mai neman rakiya.

Wannan tsari ya girmi yaƙin basasa ƙwarai. Tun zamanin fatauci Somaliyawa suna da wanda suke kira "abban", watau mutumin gari mai ɗaukar baƙo a ƙarƙashin inuwarsa, ya sauke shi, ya yi masa dillanci, ya raka shi cikin ƙasar danginsa, ya kuma karɓi ladansa daga cinikin. Wanda ya taɓa baƙon, abban ya taɓa, da shi da zuriyarsa. Baturen Ingila nan Richard Burton, da ya tashi daga Zeila a 1854 ya nufi Harar, da irin waɗannan mutane ya yi tafiya. Mai karatu da ya san matsayin fatoma a wurin fatake ba zai sha wuyar gane abin ba, sai dai shi abban har jini yake ɗaukar wa baƙonsa. Da ɗan gari akan ci gari. Kamfanonin yau masu ofis da rediyon oba-oba da riguna iri ɗaya, ko da shugabansu tsohon sojan Ingila ne ko na Afirka ta Kudu, ƙarshenta a kan wannan tsohon ginshiƙi suke tsaye.

Inda ginshiƙin ya ƙare kuwa, nan haɗari yake. Ran 23 ga watan Agusta na 2008 wata 'yar jarida 'yar ƙasar Kanada, Amanda Lindhout, da wani mai ɗaukar hoto ɗan Ostareliya, Nigel Brennan, suka fita daga birnin za su sansanin 'yan gudun hijira a hanyar Afgoye. Masu rakiyarsu suka tsaya a iyakar yankin da gwamnati ke riƙe da shi, motar ta ci gaba ba bindiga ko ɗaya, ba su yi nisa ba aka tare su. Wata 15 suka yi a hannu, ba a sake su ba sai a watan Nuwamba na 2009 bayan da aka biya kuɗin fansa. Kate Peyton ta gidan rediyon BBC kuwa, a ƙofar otal ɗin Sahafi aka harbe ta a watan Fabrairu na 2005, a ranar da ta iso birnin. Daga wannan otal ɗin dai aka ɗauke wasu jami'an leƙen asirin Faransa biyu a watan Yuli na 2009, mutanen da tsaro ne sana'arsu. Ɗaya ya kuɓuce bayan 'yan makonni, ɗayan kuwa ya rasa ransa a 2013 lokacin da sojojin Faransa suka yi yunƙurin ceto shi abin bai yiwu ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaci, watau cin amana daga ciki. Mai gadi shi ya san lokacin fitar baƙo, da hanyar da zai bi, da ɗakin da yake kwana, kuma albashinsa na shekara bai kai ƙwayar abin da masu satar mutane ke nema a kan Bature ɗaya ba. Lokacin da aka sace Jessica Buchanan 'yar Amurka da Poul Thisted ɗan Denmark a garin Galkayo cikin Oktoba na 2011, mutanen da aka ɗora wa tsaronsu aka fara zargi. A Disamba na wannan shekarar wani ma'aikacin ƙungiyar likitocin nan ta MSF ya harbe abokan aikinsa biyu a harabar ofishinsu na Mogadishu, kuma a 2013 ƙungiyar ta tattara nata ya nata ta bar ƙasar bayan shekara 22 tana aiki. Shi kansa magajin garin Mogadishu, Abdurrahman Umar Usman, a cikin ofishinsa bom ya same shi a watan Yuli na 2019, kuma wata ma'aikaciyar ofishin ce ta shigo da shi a jikinta. Don haka ne kamfanonin da suka san aikinsu ba su damu da yawan bindigogi kamar yadda suka damu da sanin asalin kowane yaro da suka ɗauka ba: wane ne ubansa, wane dattijo ne ya tsaya masa, wa za a kama idan ya yi ɓarna.

Tun da mayaƙan Al-Shabaab suka janye daga birnin a watan Agusta na 2011, kamannin haɗarin ya sauya. Babu sauran fagen daga a tsakiyar gari. An yi gine-gine, an buɗe kantuna, jiragen kamfanin Turkish Airlines sun fara sauka tun Maris na 2012, Somaliyawa mazauna Turai da Amurka suna ta komowa da jari. Abin tsoro yanzu shi ne bom a cikin mota da kuma farmaki a kan otal. Dokokin da masu rakiya ke gindaya wa baƙo sun bi wannan sauyi. Ba a faɗin lokacin fita sai an tashi fita, ba a bin hanya ɗaya sau biyu a jere, ba a daɗewa a wuri guda, ba a yarda mota ta maƙale a cunkoson shingen bincike, kuma kafin magariba an koma masauki. Baƙon da ya ce shi sai ya taka da ƙafa ya ga kasuwar Bakara, mai rakiyar kirki zai ce masa a'a, ko da kuwa zai rasa cinikin.

Otal-otal ɗin ma sun zama tamkar barikin soja, da katanga biyu da buhunan yashi da hasumiyar masu gadi. Duk da haka ba su tsira ba, domin taruwar manya a wuri guda ita ke jawo maharan. A watan Agusta na 2022 'yan bindiga suka shiga otal ɗin Hayat suka riƙe shi kusan awa 30, mutane fiye da 20 suka mutu. Otal ɗin SYL, wanda ke dab da fadar shugaban ƙasa, an kai masa hari ba sau ɗaya ba, har da na watan Maris na 2024.

Yawancin baƙin da ke da hali ba su ma shiga gari. A gefen filin jirgin sama na Aden Adde, a bakin teku, akwai wani yanki mai katanga da ake kira Halane, inda ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya da na jakadun ƙasashen Yamma da dama suke, sojojin Tarayyar Afirka na gadinsa. Rundunar da aka kafa a 2007 da sunan AMISOM, ta koma ATMIS a 2022, sa'an nan AUSSOM a 2025. Jami'i kan yi shekara a can ciki, ya rubuta rahoto a kan halin da Somaliya ke ciki, alhali iyakar abin da ya gani na Somaliya shi ne abin da tagar mota mai sulke ta nuna masa. Ministan da ke son ganinsa shi ne zai zo a caje shi a ƙofa, a cikin ƙasarsa. Wannan abu yana ci wa Somaliyawa rai, kuma suna da gaskiya.

A nan ne ya kamata a dubi cinikin da idon basira. Ba wanda zai ce wa baƙo ya fita ba rakiya, domin sunayen da aka ambata a sama sun isa hujja. Amma kuɗin da ake zubawa a wannan sana'a shekara fiye da 30 sun haifar da masu arziki waɗanda abincinsu ya rataya a kan zaman ɗar-ɗar, kuma saurayin da ya iya bindiga ya ga gara ya raka Bature a biya shi da dala a kan lokaci da ya shiga aikin ɗan sanda. Daɗin daɗawa, tsaron na mai iya biya ne. Ran 14 ga watan Oktoba na 2017, da wata babbar mota shaƙe da bama-bamai ta tashi a mahaɗar Zoobe, mutane fiye da 500 suka mutu, galibinsu masu talla da direbobi da 'yan makaranta da fasinjojin motocin haya. A Oktoba na 2022 aka sake kai hari a wannan mahaɗa, fiye da 100 suka mutu, sa'an nan a Agusta na 2024 aka kashe fiye da 30 a bakin tekun Lido, inda iyalai ke zuwa shan iska da daren Juma'a.

A watan Disamba na 2023 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗage takunkumin sayen makamai da ya ɗora wa Somaliya tun Janairu na 1992, abin da ya ba gwamnati damar ɗamarar sojanta da 'yan sandanta yadda take so. Har ila yau dai gadin filin jirgin sama da yankin Halane bai fita daga hannun sojojin ƙetare ba, kuma baƙon da ya sauka gobe, motar kamfani ce za ta tarye shi.